Yadda Koci Zai Yi Amfani da Fawul na Gangan a Wasan Sili Ɗaya Ƙwale ba Tare da Ya Koya wa Yara Keta ba

Daga watan Afrilu zuwa Yuni, lokacin da gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, take shiga zagayen fitar da gwani, matasanmu na Birnin Kebbi da Jega da Argungu sukan raba dare suna kallo a wayoyinsu, sannan bayan la'asar su hallara a fili suna gwada abin da suka gani. Daga cikin abubuwan da suke ɗaukowa akwai fawul na gangan, wato ɗan wasa ya taɓa abokin karawarsa da niyyar alƙali ya busa usur. Wannan jagora na rubuta shi ne domin masu horar da ƙungiyoyin makarantu da na unguwanni a jiharmu, waɗanda wata rana za su tsinci kansu a wasan sili ɗaya ƙwale, saura daƙiƙa ashirin, ana binsu maki biyu, yara biyar sun zuba musu ido suna jiran umarni.

Tun farko ya kamata a raba kalmomi biyu da muke cakuɗa su a baki. Fawul laifi ne da doka ta san da shi, ta yanka masa farashi, wanda ya biya kuma ya ci gaba da wasa. Keta kuwa mugunta ce, kuma Bahaushe bai taɓa kiran mutumin kirki maketaci ba. Aikin koci shi ne ya koyar da na farko ta yadda ba zai taɓa rikiɗewa ya zama na biyu ba.

Ka san dokar da ake yi maka hukunci da ita

Wasannin da ake shiryawa a Najeriya suna bin dokokin hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ba na NBA ba, kuma a kan fawul na gangan ne dokokin biyu suka fi shan bamban. A tsarin FIBA wasa zango huɗu ne, kowane zango minti 10, ɗan wasa kuma yana fita idan ya yi fawul 5, alhali a NBA zango minti 12 ne, ana fita a fawul na 6. Idan ƙungiya ta cika fawul huɗu a zango ɗaya, daga na biyar duk wanda aka taɓa zai sami jifan kyauta biyu, kuma fawul ɗin da aka yi a ƙarin lokaci ana lissafa shi ne a kan na zango na huɗu, ba a sake sabon ƙidaya.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne nau'in fawul ɗin da FIBA ta ware a matsayin wanda ya saɓa wa ladabin wasa. Alƙali yana yanke wannan hukunci idan ya ga mai tsaro bai nufi ƙwallo ba sam, ko ya yi amfani da ƙarfin da ya wuce kima, ko ya tare wanda ya tsinke da gudu zuwa kwando ta hanyar da ba ta da dalili, ko ya taɓa shi ta baya ko ta gefe alhali babu wani mai tsaro tsakaninsa da kwando. Farashinsa jifan kyauta biyu ne, sannan ƙwallo ta koma hannun waɗanda aka yi wa laifin, wanda ya yi irinsa sau biyu kuwa an kore shi daga wasan. Tun daga shekarar 2022 kuma, wanda ya yi fawul a minti biyun ƙarshe na zango na huɗu ko na ƙarin lokaci kafin mai jefo ƙwallo daga wajen layi ya sake ta daga hannunsa, ya ba abokan karawa jifan kyauta ɗaya tare da ƙwallo. FIBA takan sabunta kundinta lokaci zuwa lokaci, saboda haka ka karanta bugun da ake aiki da shi kafin kowace gasa.

Akwai tambayoyi biyu da ya wajaba ka yi wa masu shirya gasa tun kafin a fara, domin a filayenmu su ne suke juya dukkan lissafi. Ta farko, shin akwai agogon daƙiƙa 24 da ke tilasta wa ƙungiya yin jifa? Idan babu, wanda ke gaba zai iya riƙe ƙwallo har lokaci ya ƙare, kenan za ka fara fawul da wuri fiye da yadda za ka gani a talabijin. Ta biyu, shin ana tsayar da agogo idan an busa usur? A wasu gasannin da ake son kammala wasanni da yawa kafin magariba, agogo ba ya tsayawa, kuma a irin wannan yanayi fawul na gangan lokacinka kake ƙonawa da hannunka.

Idan ana binka maki, lokaci kuma yana ƙarewa

Wannan ne wurin da babu gardama a kan halaccin dabarar, domin kowace ƙungiya ta san da ita kuma tana sa ran za a yi mata. Manufar ita ce ka tsayar da agogo, ka sayi ƙwallo da farashin jifan kyauta biyu, kana fatan za su ɓarar da ɗaya ko duka, kai kuma ka rama da maki biyu ko uku.

Ka ajiye mutum ɗaya a benci da littafi da biro, ba shi da wani aiki sai rubuta fawul ɗin kowane ɗan wasanka, da jimillar na ƙungiya a zangon da ake ciki, da yadda kowane abokin karawa yake cin jifan kyauta tun daga farkon wasa. Koci da yawa sukan ba da umarnin fawul saura daƙiƙa 15, sai su tarar ƙungiyarsu fawul biyu kawai ta yi a zangon, kenan sai sun yi uku a jere kafin a kai ga layin jifa, kowanne kuma yana cin daƙiƙa biyu ko uku. Da mai littafin ya yi magana tun saura minti ɗaya, da an rage wannan tazara cikin natsuwa.

Lokacin farawa kuma lissafi ne mai sauƙi idan akwai agogon 24. A ce ana binka maki biyu, saura daƙiƙa 35, ƙwallo tana hannunsu. Ba ka buƙatar fawul, domin idan ka yi tsaro mai kyau za ka karɓi ƙwallo da kusan daƙiƙa 11, waɗanda sun isa hari ɗaya. Idan maki biyar ake binka a daidai wannan lokaci, hari biyu kake buƙata, jira kuwa zai cinye ɗaya daga ciki. Idan abin da ya rage bai kai daƙiƙa 24 ba kuma kana baya, zaɓi ya ƙare. Duk da haka kada ka yi gaggawar busa usur da kanka. Doka ta ba mai jefo ƙwallo daƙiƙa biyar kacal, ta ba ƙungiya daƙiƙa takwas ta tsallake tsakiyar fili, don haka ka fara da matsi, mutum biyu su rufe mai ƙwallo a kusurwa na daƙiƙa uku ko huɗu, domin yaran da ba su saba da irin wannan matsi ba sukan zubar da ƙwallo da kansu. Idan ta kuɓuce, sai a yi fawul nan take. Gwaninsu a jifan kyauta shi ne za a hana karɓar ƙwallo, a bar ta ta je hannun wanda littafi ya nuna ya fi ɓarar da ita, wanda zai yi fawul ɗin kuma ya kasance mai sauran fawul a ajiye, ba tauraronka da ke ɗauke da huɗu ba. Ka kuma adana hutun shawara aƙalla ɗaya, domin a minti biyun ƙarshe yana ba ka damar jefo ƙwallo daga ɓangaren abokan karawa maimakon ka taso da ita tun daga ƙarƙashin kwandonka.

Yadda hannu zai yi aikin

A nan ne nake son koci ya fi daɗewa a atisaye, domin a nan ne fawul yake komawa keta. Ɗan wasa ya tunkari mai ƙwallo ta gaba, ƙafafunsa a ƙasa, ya kai hannu ga ƙwallon da gaske kamar mai son ƙwace ta, ya bar hannunsa ya sauka a kan damtse ko tsintsiyar hannun abokin karawa da ƙarfin da alƙali zai gani, ba wanda zai bar shaida a jiki ba. Idan ya yi sa'a ƙwallon ta fito tsaf, ya ci riba biyu. Ba a rungumar mutum, ba a jan riga, ba a tura shi da hannu biyu ta baya, ba a kai hannu sama da kafaɗa, kuma ba a taɓa wanda ƙafafunsa suka bar ƙasa. An umarci alƙalan FIBA su yi hukunci da abin da idonsu ya gani, ba da abin da ke cikin zuciyar ɗan wasa ba, saboda haka wanda ya nufi ƙwallo ya tsira ko da kowa a filin ya san da gangan ya yi, wanda ya kama ƙugu kuwa ba shi da hujja.

Na taɓa ganin wasan ɗalibai a nan Birnin Kebbi inda ƙungiya ta farfaɗo daga bashin maki goma ta rage shi zuwa biyu, sai koci ya ɗaga murya yana cewa a yi fawul, yaron da ya fi kusa ya damƙi rigar mai ƙwallo ta baya ya fizgo shi. Alƙali ya ba da jifa biyu da ƙwallo, wasan ya ƙare a nan, yaron kuma ya fita yana hawaye yana ganin shi ya kayar da ƙungiyarsa. Ni a ganina laifin na wanda ya ba shi umarnin da bai taɓa koya masa yadda ake cika shi ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu tuna kuma da irin filayen da muke wasa a kai. A Amurka katako ne mai ɗan sassauci, ga likitoci a gefen fili. Namu siminti ne, a lokacin hunturu ƙura ta kwanta a kansa har takalmi yana zamewa, yaron da aka ture yana sama kuwa da gwiwar hannu ko ƙeya zai sauka. Ko a NBA ɗin ma ba a yafe wannan. A shekarar 2011, a wasa na huɗu na jerin wasannin fitar da gwani tsakanin Dallas Mavericks da Los Angeles Lakers, Andrew Bynum na Lakers ya kai wa J.J. Barea na Dallas gwiwar hannu a haƙarƙari yana sama, a lokacin da Lakers ta riga ta sha kaye, aka kore shi nan take, aka kuma dakatar da shi a farkon kakar da ta biyo. Wannan bai tsayar da agogo don wata manufa ba, fushin kaye ne kawai. Ko a dambe, inda duka ne ainihin wasan, da zarar gwiwa ko hannun mutum ya taɓa ƙasa an gama, kuma ɗan damben da ya ƙara masa bayan haka ya zubar da girmansa a gaban makaɗa da 'yan kallo.

Haka nan ka hana yaranka tare wanda ya tsinke da gudu ta hanyar riƙe shi a tsakiyar fili. FIBA ta daɗe tana hukunta wannan, NBA ma ta bi sahu a 2022 da jifan kyauta ɗaya tare da mayar da ƙwallo. Maki biyu sun fi sauƙi.

Idan kai ne a gaba da maki uku

Masu horarwa sun rabu a kan wannan. Hujjar masu yin fawul ita ce, jifan kyauta biyu ba za su taɓa zama maki uku ba, don haka kafin abokin karawa ya rama sai ya ci jifan farko, ya ɓarar da na biyu da gangan amma ƙwallon ta taɓa ƙarfen kwando, ya riga ka cafke ta, sannan ya sake jefawa ta shiga. Abubuwa huɗu kenan a jere, maimakon jifa ɗaya tak daga bayan layin mita 6.75, wato layin maki uku. Masu ƙin dabarar kuma suna tsoron kuskuren lokaci, domin idan aka taɓa mutum yana cikin jifan maki uku, jifan kyauta uku zai samu, idan ƙwallon ta shiga ma ya sami damar maki huɗu. Garin neman gira kenan a rasa ido.

Ana yawan kawo wasa na shida na jerin wasannin ƙarshen gasar NBA ta 2013, inda San Antonio Spurs ke gaban Miami Heat da ci 95 da 92, LeBron James ya jefa bai ci ba, Chris Bosh ya cafke ƙwallon da ta dawo ya miƙa wa Ray Allen, shi kuma ya ci maki uku saura daƙiƙa 5.2, Miami ta ci wasan a ƙarin lokaci, ta kuma ɗauki kofi a wasa na bakwai. Wasu suna cewa da Gregg Popovich, kocin Spurs na lokacin, ya sa an yi fawul da kofin nasa ne. Ni abin da na ɗauka daga wasan daban ne, domin harin ya fara ne da kusan daƙiƙa 19, wanda ya yi wuri ga fawul, kuma Spurs ta yi tsaron da ya hana jifan farko shiga. Abin da ya kayar da ita shi ne ƙwallon da ta dawo daga kwando alhali dogon ɗan wasanta Tim Duncan yana benci.

Shawarata ita ce ka yi fawul ɗin nan ne kawai idan abin da ya rage bai wuce daƙiƙa shida ba, mai ƙwallo yana buga ta a ƙasa ko ya ba kwando baya, dogayen yaranka suna cikin fili don cafke jifan da za a ɓarar, kuma kun gwada wannan sau da yawa a atisaye. Idan ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ya faɗi, ku tsaya a kan layin maki uku hannuwa sama, ku bar musu maki biyu idan suna so.

Farautar wanda bai iya jifan kyauta ba

Wannan ce dabarar da ake kira Hack-a-Shaq, kuma ita ce ta fi jawo gardama. Don Nelson, kocin Dallas, ya gwada ta a kan Dennis Rodman na Chicago Bulls a Disambar 1997, inda ɗan wasansa Bubba Wells ya yi fawul shida cikin minti uku ya fita, Rodman ya ci jifa 9 cikin 12, Chicago ta yi nasara. Daga baya aka mayar da ita kan Shaquille O'Neal, wanda a tsawon rayuwarsa ta wasa kashi 52.7 cikin ɗari na jifan kyauta kawai ya ci. A shekarar 2000, yana Lakers, Portland ta sa ya yi jifan kyauta 25 a zango ɗaya, Indiana kuma 39 a wasa na biyu na ƙarshen gasa, ya ci 18, amma Lakers ta ci wasannin biyu ta kuma ɗauki kofi. A Janairun 2016 Houston ta sa Andre Drummond na Detroit ya ɓarar da jifa 23 cikin 36, duk da haka Detroit ce ta yi nasara, kuma a shekarar ce NBA ta faɗaɗa dokar da ke hukunta taɓa wanda ba ya riƙe da ƙwallo zuwa minti biyun ƙarshe na kowane zango. Ba wai dabarar ba ta taɓa aiki ba. A 2021 Ben Simmons na Philadelphia ya ci jifa 4 cikin 14 a wasa na biyar da Atlanta, wadda ta farfaɗo daga bashin maki 26 ta ci wasan, ta kuma fitar da su a wasa na bakwai.

A filayenmu kuwa dalilai biyu sun rushe ta. Na farko doka ce, domin riƙe wanda ba ya tare da ƙwallo ba neman ƙwallo ba ne, kuma alƙalin da ke bin FIBA zai ba da jifa biyu da ƙwallo. Na biyu lissafi ne. Wanda ke cin rabin jifansa yana kawo maki ɗaya a kowane jifa biyu. Ƙungiyoyin NBA suna cin fiye da maki ɗaya a kowane hari, shi ya sa ake ganin riba a can. Amma ka ɗauki ƙungiyar makaranta da ta kai hari 70 ta ci maki 49, wato bakwai cikin goma na maki a kowane hari. Idan ka tura mai cin rabi zuwa layi ka ba ta maki ɗaya cur, fiye da abin da za ta samu da ka bar ta ta yi wasanta, kuma kafin ka fara cin riba sai yaron ya kasance yana cin ƙasa da kashi 35 cikin ɗari, ban da fawul ɗin da ke taruwa a kan yaranka da damar da suke da ita ta cafke jifan da ya ɓare.

Akwai kuma abin da lissafi ba ya aunawa. O'Neal a zamaninsa ƙwararre ne da ake biyansa miliyoyin daloli, kuma ya san raunin da ya bari a wasansa. Ɗalibi mai shekara 15 da ya fara wasa bara saboda tsawonsa, aka riƙa tura shi layi a gaban abokansa suna ihu duk lokacin da ya ɓarar, mai yiwuwa ba zai dawo fili ba, mu kuwa a Kebbi ba mu da dogayen yara masu son wasan da yawa har da za mu riƙa korarsu da hannunmu. A matakin makaranta ban yarda da ita ba, ko da doka ta bar ƙofa. Idan shi ne ya karɓi ƙwallo a daƙiƙun ƙarshe kuna baya, a yi masa fawul kamar kowa, wannan wasa ne. Bin sa tun daga zango na biyu kuwa wulaƙanci ne.

Idan kai aka yi wa

Kada ka yi wa alƙali ihu, kada kuma ka cire yaron a fusace bayan ya ɓarar da biyun farko, domin wannan ne abin da abokin karawa yake nema. Ka sa mutanenka biyu da doka ta ba wuri a gefen layi su yi kokawar cafke jifa na biyu, ka kuma shirya tun a atisaye wanda zai jefo ƙwallo da waɗanda za su karɓa a minti na ƙarshe, su kasance mutum biyu ko uku da suka fi kowa natsuwa a layi, dogon kuma ya tsaya nesa a ɓangaren abokan karawa inda taɓa shi zai zama laifi mai tsada a gare su.

Sauran aikin na ranakun atisaye ne. Ka ware minti goma na ƙarshen kowane zama, lokacin da yara suka gaji numfashi yana fita da ƙyar, kowa ya yi jifa biyu biyu kamar a wasa, sauran suna tsaye a gefe suna surutu, mai littafi yana rubutawa, domin jifa hamsin a jere da sanyin jiki ba ya nuna abin da yaro zai yi saura daƙiƙa takwas. Sau ɗaya a mako kuma ka sa agogo a daƙiƙa 30, ka ba ɓangare ɗaya ratar maki uku, ka faɗi adadin fawul ɗin kowace ƙungiya, kai ka riƙe usur ka yi hukunci da tsananin da alƙalin gasa zai yi. Duk wanda ya ja riga ko ya tura ta baya, a tsayar da wasa a ba ɗaya ɓangaren jifa biyu da ƙwallo, sannan a mayar da agogo 30 a sake daga farko.